Fankar Sama Tana Rage Kuɗin Iyakwandishan? Sharhi Kan Iska, Rimot Da Mita

Ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit. Daga baya an ɗan sassauta a watan Mayu, sannan ya tsaya a naira 209 da 'yan kwabbai a watan Yuli, amma sassaucin bai taka kara ya karya ba. Kafin nan kuma, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya riga ya mai da janareta abin da ake tayarwa da lissafi. Tun daga lokacin, duk magidancin da ke da iyakwandishan ya gane cewa da bazara shi ne babban mai cin katin mita a gidan. Ya fi firji, ya fi talabijin, ya fi ƙwayayen wuta gaba ɗayansu.

A haka ne wata shawara ta yi ta yawo a majalisu da shagunan masu gyaran wuta: a riƙa kunna fankar sama tare da iyakwandishan, kuɗi zai ragu. Wasu kuma suka ce atafau ba haka ba ne, ta yaya za a kunna abu biyu a biya ƙasa da kuɗin abu ɗaya? Kowane ɓangare yana da hujja. Akwai gidan da zai bi shawarar ya ga ragi, akwai wanda zai bi ta ya ga ƙari. Abin da ke raba su shi ne lambar da aka sa a rimot, da yawan awannin da na'urar ke yi a kashe.

Aikin fanka daban, na iyakwandishan daban

Iyakwandishan kwashe zafi yake yi daga cikin ɗaki ya kai shi waje. Shi ya sa in ka tsaya kusa da akwatin da ke maƙale a bango ta waje za ka ji iska mai zafi tana buso ka. Zafin ɗakin ne ake zubarwa. Yana kuma tsotse danshin da ke cikin iska, wanda shi ne ruwan da ke ɗiga ta bututu. Kwamfireso ne ƙashin bayan wannan aiki, kuma shi ke cin kusan duk wutar.

Fanka ba ta kwashe komai. In aka rufe ɗaki babu kowa ciki, aka rataye ma'aunin zafi, aka bar fanka tana juyawa tun safe har magariba, ba za ta sauke ma'aunin ko da digiri ɗaya ba. Hasali ma tana ɗan ƙara masa, domin duk wutar da injinta ya ci zafi take komawa, kuma a cikin ɗakin zafin ke zama. Duk wanda ya taɓa kan fanka bayan ta daɗe tana aiki ya san da wannan.

Sanyin da muke ji a jikinmu yake faruwa. Jikin baligi, ko da a zaune yake, yana fitar da zafi kimanin wat 100, kuma dole zafin nan ya samu hanyar fita. Iska mai motsi tana taimakawa ta hanya biyu. Tana kore ɗumin da ya lulluɓe fata ta kawo iskar da ta fi shi sanyi. Tana kuma hanzarta bushewar gumi, shi kuwa gumi ba ya bushewa sai ya tafi da zafi. Dabarar randa ke nan: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar ƙasa yana bushewa, sai na ciki ya yi sanyi, shi ya sa iyayenmu mata ke ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa.

Saboda haka mutum yana iya jin daɗin ɗaki mai digiri 26 da fanka kamar yadda zai ji daɗin mai digiri 24 babu fanka. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta daɗe tana shaida wa jama'arta cewa mai fankar sama zai iya ɗaga lambar na'urarsa da digiri 4 a ma'aunin Faranhait, wato wajen digiri 2 a ma'aunin Salshiyos da muke amfani da shi, ba tare da ya ji bambanci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta kan zafi, cewa ta yi a sa iyakwandishan a digiri 27 a kunna fanka, ɗakin zai ji kamar ya fi haka sanyi da digiri 4.

Lissafin mita

Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Fankar sama irin wadda ta cika kasuwanninmu tana cin wat 70 zuwa 80 in an ƙure ta. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wanda aka fi sa wa a ɗakin kwana, yana cin wajen wat 1,100 in kwamfireso na aiki. Ma'ana, wutar da yake ci za ta juya fanka goma sha huɗu ko sha biyar.

Mu ɗauki daren bazara na awa 8, mu ƙaddara kuɗin yunit naira 210 don sauƙin lissafi. In kwamfireso bai huta ba duk daren, an ƙona yunit 8.8, wato naira 1,848 a dare, naira 55,440 a wata, a ɗaki ɗaya tak. Fanka mai wat 75 a wannan awa 8 yunit 0.6 za ta ci, naira 126 a dare, naira 3,780 a wata.

Sai kuma abin da ɗaga lamba ke ragewa. Hukumar da ke kula da tattalin makamashi a Indiya, BEE, ta ƙiyasta cewa duk digiri ɗaya da aka ƙara wa lambar iyakwandishan yana rage cin wuta da kimanin kashi 6 cikin 100. Da wannan hujja ce Indiya ta wajabta cewa daga Janairun 2020 duk sabon iyakwandishan na ɗaki ya fito daga masana'anta an saita shi a digiri 24. In muka ɗora wannan ƙiyasi a kan lissafinmu, kashi 6 na wat 1,100 shi ne wat 66. Fanka kuwa wat 75 take ci, ga kuma zafin injinta da iyakwandishan zai sake yin aikin kwashewa. Ashe digirin farko da ka ɗaga ko kuɗin fankar bai gama biya ba. Sai a digiri na biyu ake cike giɓi a ga ɗan abin da ya saura, riba ta sosai kuma daga na uku take farawa.

Wanda ya saba da 24 ya koma 27 da fanka zai rage kashi 17 ko 18 cikin 100, wajen yunit ɗaya da rabi a dare. A cire na fanka, saura kusan yunit ɗaya. A wata ya tsira da naira dubu biyar zuwa shida. Ragi ne, amma ba irin wanda zai canza rayuwar gida ba.

Wanda ya saba da 18 kuma, ya koma 26, nasa lissafin daban ne. Digiri takwas, kowane yana rage kashi 6 na abin da ya saura, ya kusa kashi 40 cikin 100. Ko bayan an cire kuɗin fanka, abin da ya rage ya haura naira 17,000 a wata. Sai dai a nan akwai tarko. Ragin yana samuwa ne in na'urar tana iya kai ɗakin ga lambar da aka sa mata har kwamfireso ya samu hutu. In ɗakin ya fi ƙarfinta, ko rufin kwano ne babu silin mai kyau, ko iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa, har ya zamana ba ta taɓa sauke shi ƙasa da 27 ba, to ko ka sa 16 ko ka sa 24 duk ɗaya ne a wajen mita, kwamfireso ba zai tsaya ba. Irin wannan gida sai ya ɗaga lamba ta kai inda na'urar ke iya cimmawa kafin ya ga canji.

Akwai kuma wata fahimta da ta zauna wa mutane, cewa sa rimot a 16 yana sa ɗaki ya yi saurin sanyi. A na'urorin da ba na inbata ba, kwamfireso gudu ɗaya gare shi: ko yana aiki ko yana tsaye. Lambar rimot ba ta ƙara masa sauri, tana faɗa masa lokacin da zai tsaya ne kawai. Wanda ya sa 16 ya ce masa kada ka tsaya ke nan. Sakamakon shi ne mutum ya kwana cikin bargo a watan Afrilu, yana biyan kuɗin sanyin da yake ɓuya masa.

Abin da bincike ya nuna

Gargaɗi mafi ƙarfi a kan wannan batu ya fito ne daga jihar Florida ta Amurka, inda zafi da danshi suka sa kusan kowane gida na da fanka da iyakwandishan. A 1996 masu bincike a Cibiyar Makamashin Hasken Rana ta Florida sun yi lissafi da kwamfuta, suka ga cewa in aka kunna fanka aka ɗaga lamba da digiri 2 na Faranhait, wato digiri ɗaya da ɗan wani abu a namu ma'aunin, wutar sanyaya gida za ta ragu da kimanin kashi 14 cikin 100 a shekara. In kuwa an kunna fanka ba a taɓa lambar ba, za ta iya ƙaruwa da kimanin kashi 15. Da suka duba gidaje wajen 400 na gaske, sai suka tarar masu fanka ba su ɗaga lambarsu fiye da marasa fanka ba. Ga fankokin nan suna juyawa, wasu har a ɗakunan da babu kowa, amma ragin da ake zato bai bayyana ba.

Inda aka ɗaga lambar da gangan kuma, an ga amfanin. A wani ofis a Singafo, masu bincike da suka haɗa da na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun gwada tsari biyu: digiri 24 babu fanka, da digiri 26.5 tare da fanka. Sakamakon da suka wallafa a 2023 ya nuna tsari na biyu ya rage wuta da kashi 32 cikin 100, kuma ma'aikatan ba su rasa jin daɗinsu ba. Gwamnatoci ma sun bi wannan hanya ta ɗaga lamba. Japan ta ƙaddamar da shirin Cool Biz a 2005, inda aka saita ofisoshin gwamnati a digiri 28 aka kuma yarje wa ma'aikata su ajiye kwat da nakatayel. Sifen ta kafa dokar wucin gadi a 2022 cewa kada a sauke lamba ƙasa da 27 a gine-ginen gwamnati da manyan shaguna.

Mai karatu zai lura cewa alƙaluman sun saɓa: Indiya kashi 6 a digiri, Florida da Singafo fiye da ninki biyu na haka. Babban dalili shi ne tazarar da ke tsakanin zafin waje da na ciki, domin gwargwadon tazarar nan ne zafi ke kwararowa ta bango da rufi da taga. In waje digiri 40 ne, ciki 24, tazara 16 ce, rage digiri ɗaya a cikinta kashi 6 ne kacal. In waje 30 ne, ciki 24, tazara 6 ce, digiri ɗaya ya kusa kashi 17. Lissafin bai ƙunshi zafin rana da ke shigowa ta gilashi ko na jikin mutanen ɗakin ba, amma ya isa ya nuna mana abu mai muhimmanci: kason ragin da haɗa fanka da iyakwandishan ke kawowa ya fi yawa da damina da cikin dare, ya fi ƙanƙanta da tsakar ranar bazara, daidai lokacin da mai gida ya fi jin jiki a aljihu.

Babbar ribar tana ga awannin da na'ura ke kashe

Duk lissafin da ya gabata na haɗa su biyun ne. Amma mafi girman abin da fanka ke yi wa aljihu shi ne ta sa a fasa kunna iyakwandishan gaba ɗaya. Awa ɗaya da aka yi da fanka kaɗai ta rage fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar wannan awa, babu wani ɗaga lamba da zai kai nan. Wani nazari da masana daga Jami'ar Sidni suka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa in gidajen Ostireliya za su fara da fanka mai ƙarfi, su jinkirta kunna iyakwandishan sai zafi ya fi ƙarfinta, wutar da ke tafiya a sanyaya gida za ta ragu da kimanin kashi 76 cikin 100 a shekara. Yanayinsu ya fi namu sauƙi, saboda haka ba za mu kai wannan adadi ba, amma hanyar ɗaya ce.

A ƙasar Hausa shekara ta kasu yadda za a iya tsara wannan. Da hunturu ko fankar ma hutu take yi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, zafi yakan sauka, kuma mafi yawan darare fanka da buɗaɗɗiyar taga mai raga sun wadatar, sai dai ranakun da danshi ya yi nauyi gumi ya ƙi bushewa, inda awa ɗaya ko biyu na iyakwandishan ke busar da iskar ɗaki. Zafin da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba gajere ne. Ainihin watannin iyakwandishan uku ne, Maris da Afrilu da Mayu.

Ko a waɗannan watanni ba duk daren ne ke buƙatarsa ba. Bangon bulo da dakali suna shan zafi da rana su riƙa sakinsa bayan faɗuwarta, shi ya sa ɗaki ya fi turiri daga isha'i zuwa tsakar dare. Wajen asuba waje ya huce. Kusan kowane rimot na da maɓallin saita lokacin kashewa, wanda yawancinmu ba mu taɓa dannawa ba. In aka saita na'ura ta yi awa 4 ta mutu, fanka ta ci gaba da awa 8 ɗinta, an ƙona yunit 4.4 da 0.6, jimla 5, maimakon 8.8. Wannan kaɗai ya rage kusan naira 24,000 a wata, ya ninka ribar ɗaga lamba daga 24 zuwa 27 sau huɗu.

Ɓarna kuma ta hanyar da ba a zato take shigowa. Gidan da ke barin fanka uku suna juyawa a falo da ɗakunan da babu kowa, awa 20 a rana, yana ƙona yunit 4.5 kullum, sama da naira 28,000 a wata, kuma ba wanda ya ji sanyin. Duk abin da aka tattala a ɗakin kwana ya zube a falo. Al'adar barin fanka a kunne don ɗaki ya huce kafin a dawo ba ta da tushe, tunda fanka ba ta huce ɗaki.

Inda fanka ke gazawa

Zafin fatar mutum yana wajen digiri 33 zuwa 35. Muddin iskar ɗaki ba ta kai haka ba, fanka na ɗauke zafi daga jiki. In ta haura, lamarin ya juya: iskar da fanka ke turowa zafi take ƙara wa jiki, kuma abin da ya rage kawai shi ne bushewar gumi. A wurin da iska ke da danshi, fanka tana ci gaba da taimakawa, domin gumin da ya tsaya a fata yana buƙatar abin da zai busar da shi. A wurin da iska ta bushe ƙamas, gumin yana bushewa da kansa ko babu fanka, sai ya zama babu abin da ta ƙara illa zafi.

An gwada wannan a Jami'ar Sidni a 2019. A ɗakin gwaji mai digiri 40 da danshi kashi 50 cikin 100, fanka ta rage zafin jiki da wahalar zuciya. A mai digiri 47 da danshi kashi 10, ta ƙara su. Yanayi na biyu ya fi kama da bazararmu. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin rana a Afrilu kan haura 40 cikin busasshiyar iska, kuma a farkon Afrilun 2024 birnin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi amfani da fanka in zafi bai kai 40 ba, sama da haka tana ɗumama jiki ne.

Abin lura shi ne zafin cikin ɗaki ake magana, ba wanda ake faɗa a rediyo ba. Soro mai kaurin bango yana iya zama ƙasa da waje sosai da rana, ɗakin kwano marar silin kuwa yana iya fin waje zafi, fankar sama kuma ta riƙa saukar da turirin kwanon a kan mutane. Tsofaffi ba sa yin gumi kamar matasa, saboda haka fanka ta fi saurin gaza musu, haka masu ciwon zuciya da jarirai. Mai azumi ma ya kula, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi, domin ruwan da iska ke busarwa daga jikinsa ba zai mayar ba sai an sha ruwa. A irin wannan rana, jiƙa jiki ko riga da ruwa kafin a zauna ƙarƙashin fanka yana taimakawa ƙwarai. Wanda ke da iyakwandishan da tsoho ko marar lafiya a gida, wannan ba lokacin tattali ba ne. Ya kunna, ya sa 26 ko 27, ya haɗa da fanka. Da zarar ɗaki ya sauka ƙasa da zafin fata, fankar ta dawo aikinta.

Masu janareta, masu sola da marasa mita

Wanda ake kawo wa takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi ba zai ga ragi a takardar ba ko da ya bi duk waɗannan matakai, domin ba a auna abin da ya ci. Ribarsa tana wajen janareta. Ƙaramin janareta na unguwa yana ɗaukar fanka biyu ko uku da ƙwayaye da talabijin, amma ba ya tayar da iyakwandishan, musamman wanda ba na inbata ba, wanda ke fizgar wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi. Iyalin da za su iya kwana da fanka sun tsira daga sayen babban janareta da man da yake sha.

Ga masu sola lissafin ya fi fitowa fili. Batir mai ƙarfin 12 bolt da 200 amfiya yana ɗauke da yunit 2.4, kuma in irin na dalma ne, rabin haka ake so a ci don ya yi ƙarko. Batir ɗaya ya ishi fanka biyu kwana. Iyakwandishan na awa 8 kuwa zai buƙaci irinsa bakwai ko takwas. A nan fanka ba kuɗin wata take ragewa ba, jarin farko take ragewa.

Wace fanka, a wane ɗaki

Fankoki ba ɗaya ba ne. Sababbin da ke da injin da ake kira BLDC suna cin wat 28 zuwa 35 su ba da iskar da tsofaffin ke bayarwa da wat 75. Indiya, wadda ke cikin manyan masu ƙera fanka a duniya, ta wajabta liƙa tambarin taurari na cin wuta a jikin fankar sama daga Janairun 2023. Da irin wannan fanka, digirin farko da aka ɗaga ya biya kuɗinta har da saura. Sun fi tsada a saye, saboda haka sun fi dacewa da ɗakin da fanka ke kwana tana aiki, da kuma gidan sola.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna tasiri. Tsohuwar regileta mai babban akwati, wadda ke ɗaukar zafi in an rage gudu, tana ƙona wani kaso na wutar a banza. Ƙananan na zamani sun fi. Fankar da ta yi sanyin gudu yawanci kafasitarta ce ta mutu, kuma canza ta ba tsada. Ƙurar hunturu da ta taru a fukafukai tana rage iska, kamar yadda ragar iyakwandishan da ta toshe ke sa kwamfireso wahala. Fukafukai su yi nesa da ƙasa aƙalla ƙafa 7, kada kuma su manne da silin, don iska ta samu hanyar shiga ta sama. Fanka ta kasance saman inda ake zama ko kwanciya, ba tsakiyar ɗaki don ado ba. Gidan sauro yana tare iska mai yawa, amma maganin wannan shi ne a ƙara gudu ko a matso da fankar tsaye kusa da gado, ba a cire gidan sauron ba. Kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro ya fi na yunit.

Kada kuma a ɗora wa fanka abin da ba nata ba. Labule mai kauri a tagar da ke fuskantar yamma, toshe ƙarƙashin ƙofa, silin mai kyau, farin fenti a rufi da itacen da ke yi wa bango inuwa, duk suna hana zafi shigowa tun farko, kuma amfaninsu ba ya buƙatar kowa ya tuna da danna wani maɓalli.

Hukunci

Fankar sama tana iya rage kuɗin iyakwandishan, amma da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, a ɗaga lambar rimot da digiri biyu zuwa uku aƙalla, a tsaya wajen 26 ko 27. Na biyu, a bar fanka ta yi aiki ita kaɗai a duk lokacin da ta wadatar, wanda shi ne mafi yawan shekara da kuma rabin dare na ƙarshe. Na uku, a kashe ta in an fita daga ɗaki. Wanda ya cika ukun zai iya rage kaso mai tsoka, har kusan rabi a wasu watanni. Wanda ya kunna fanka ya bar rimot a 18, ƙari ya yi wa kansa.

Mai mitar kati ba ya buƙatar ya yarda da kowa a kan wannan. Ya rubuta yunit ɗin da ke mita da dare da kuma da safe, na mako ɗaya a yadda ya saba, sannan na mako ɗaya a lamba 26 da fanka da saita lokacin kashewa. Bambancin da ya gani shi ne amsar gidansa.